Gudun Fanfalaki Da Iyafis A Kunne: Kiɗan Dambe Ko Kiɗan Noma?

Idan kana cikin waɗanda kullum safiya suke cin karo da hotunan abokai a Instagram ko sitatus ɗin WhatsApp, riga ta jiƙe sharkaf da gumi, ga taswirar Strava a gefe tana nuna kilomita 10, har ka ce a ranka, "Wallahi ni ma sai na yi gudun fanfalakin nan," to matso kusa, da kai nake.

Niyya ce mai kyau, kuma ba ta fi ƙarfinka ba. Sai dai na san ta inda za ka fara. Tun kafin ka nemi takalmi, za ka buɗe Audiomack ko Boomplay ka jera waƙoƙi masu zafi, irin waɗanda ke sa jini ya tafasa, ka yi wa iyafis caji, ka saita ƙararrawa. Gobe bayan Asuba ka fyalla da gudu kamar an biyo ka. Minti shida ka tsaya, ka dafe gwiwa kana haki. Kwana goma a haka, ƙwauri ya fara zugi, kambas ya koma ƙarƙashin gado.

Da yawa daga cikin waɗanda suka watsar da gudu tun a makonnin farko, sauri ne ya kayar da su, ba ragwanci ba. Kuma sau tari abin da ke kunnensu ne ya ingiza su yin saurin. Don haka yau za mu duba yadda ake fara shirin gudun fanfalaki, da yadda za ka sa waƙa ta yi maka aiki maimakon ta ja ka ta baro ka a hanya.

Nisan da kake magana a kai

Gudun fanfalaki, wanda wasu ke kira gudun yada-ƙanin-wani, tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195. Kusan rabin tafiyar Kaduna zuwa Zariya ke nan, a ƙafa. Idan a filin wasa za ka yi, irin na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano ko na Ahmadu Bello a Kaduna, sai ka zagaya layin gudu mai mita 400 sau 105 da kusan rabi.

Wannan adadi ya samo asali ne daga gasar Olamfik ta Landan a 1908, aka kuma tabbatar da shi a matsayin ma'auni na dindindin a 1921. Tun daga 1960, lokacin da Abebe Bikila na Habasha ya lashe gasar Olamfik a birnin Rum ba takalmi a ƙafarsa, 'yan Gabashin Afirka suka fara kafa suna a fagen. A watan Oktoban 2023, marigayi Kelvin Kiptum na Kenya ya kammala gudun Chicago cikin awa 2 da daƙiƙa 35. Ka lissafa: kowane zagayen fili a kimanin daƙiƙa 69, sau 105 a jere, ba tsayawa.

Kai ba wannan ne lissafinka ba. Sabon shiga yakan kammala ne tsakanin awa 4 zuwa 6. Idan kana cin kilomita ɗaya a minti 7, za ka shafe kusan awa 5 a kan ƙafafunka. Riƙe wannan awa biyar ɗin a ranka, domin ita ce za ta gaya maka irin kiɗan da ya dace da kai.

Dambe daban, noma daban

Bahaushe bai jira masana ba kafin ya gane cewa kiɗa na ƙara wa jiki ƙarfi. A gayya, makaɗa na bin manoma da ganga, fartanya na sauka tare da bugu, har rana ta take ba a ji ba. Mata a gindin turmi suna lugude, taɓarya na amsa taɓarya. Kuratan soja da na 'yan sanda, idan sun fito sassarfar safe, waƙa suke yi ƙafa na faɗuwa a tare.

Akwai kuma kiɗan maza. Idan kalangu ya tashi a fagen dambe, irin zugar da Ɗan Anace ya yi wa Shago, ɗan dambe kan ji tsuma, ya manta da tsoro da ciwo, ya afka. Amma turmin dambe mintuna ne kaɗan. Kiɗan da aka yi don mutum ya zazzage duk ƙarfinsa a ɗan lokaci, idan ka saka shi a aikin wuni guda, kafin hantsi ka faɗi.

Gudun fanfalaki ɗan'uwan noma ne. Ƙarfi ake rabawa daidai-wa-daida daga kuyyar farko har ta ƙarshe. Matsalar ita ce jerin waƙoƙin da yawancinmu ke haɗawa don motsa jiki duk kiɗan dambe ne.

Abin da bincike ya nuna

Farfesa Costas Karageorghis na Jami'ar Brunel da ke Landan ya shafe shekaru da dama yana nazarin alaƙar kiɗa da motsa jiki. Daga cikin abin da shi da abokan aikinsa suka gano akwai cewa, idan mutum na motsa jiki a hankali ko matsakaici, kiɗa na iya rage yadda yake jin wahalar aikin da kimanin kashi 10 cikin 100. Dalili kuwa shi ne hankali ba ya iya ɗaukar komai a lokaci guda. Idan waƙa ta kama wani sashe nasa, saƙon gajiya da ke tasowa daga ƙafafu ba ya isowa da ƙarfinsa. Haka nan idan takunka ya dace da bugun kiɗa, jiki na tafiya a tsare, ba ya ɓarnar ƙarfi.

Amma da zarar gudu ya yi tsanani, numfashi ya fara sarƙewa, wannan rangwamen yana gushewa. Saƙon jiki ya fi ƙarfin waƙar. Tana iya sa ka ji daɗi a rai, wahalar dai tana nan yadda take.

Akwai wani labari da 'yan gudu ke son bayarwa. A 1998, a Birmingham ta Ingila, Haile Gebrselassie na Habasha ya kafa tarihin duniya a tseren mita 2,000 na cikin rufaffen fili, ana kaɗa masa waƙar Scatman a lasifika, saboda bugunta ya yi daidai da takunsa. Gaskiya ne. Sai dai ka lura, wannan tsere bai kai minti 5 ba. Turmin dambe ne.

To ina hatsarin yake? Zuciya da huhu suna saurin sabawa da gudu, cikin makonni kaɗan za ka ji numfashi ya buɗe. Ƙashi, gaɓoɓi da jijiyoyi irin na agara kuwa watanni suke ɗauka kafin su yi ƙwari. A wannan tsakanin ne ake jin rauni. Numfashi ya ce ƙara, waƙa ta ce ƙara, ƙwauri na ta kuka a ƙasa ba mai jin sa.

Yadda za ka fara

Mataki na farko shi ne kilomita 5. Akwai sanannen tsarin nan na mako 9 da hukumar lafiya ta Birtaniya ke yaɗawa don waɗanda ba su taɓa gudu ba: fita sau uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. A makon farko, ka yi tafiya mai ɗan sauri ta minti 5 don jiki ya ɗumama, sannan sassarfa ta daƙiƙa 60, tafiya ta daƙiƙa 90, kana maimaitawa har minti 20. Kowane mako sassarfa na ƙaruwa, tafiya na raguwa, har ka iya minti 30 ba tsayawa. Eh, za a gan ka kana tafiya, masu shayi ma za su iya tsokanarka. Bar su. Sannu ba ta hana zuwa.

Daga nan ka ba kanka kamar wata biyu ka kai kilomita 10, wasu wata uku ka kai rabin fanfalaki, wato kilomita 21. Sai bayan haka ne za ka shiga ainihin shirin kilomita 42, wanda yawanci mako 16 zuwa 20 ne. Idan ka haɗa duka, shekara guda ce ko kusa da haka. Duk wanda ya ce maka zai kai ka cikin wata biyu daga kan kujera, mabiya yake nema.

Ga ƙa'idoji huɗu da za su riƙe ka. Na ɗaya, gwajin magana: a mafi yawan fitarka, ya kasance za ka iya yi wa na kusa da kai magana, jimla cikakkiya, ba tare da numfashi ya yanke ba. Masanin motsa jiki Stephen Seiler ya nuna cewa hatta manyan 'yan wasan dogon zango kimanin kashi 80 cikin 100 na atisayensu a hankali suke yi. Na biyu, kada ka ƙara nisan mako da fiye da kashi 10 cikin 100 a kan na makon da ya wuce, kuma duk bayan mako uku ko huɗu ka rage don jiki ya farfaɗo. Na uku, ka ware rana ɗaya a mako don dogon gudu, kana ƙara shi kaɗan-kaɗan har ya kai kilomita 30 zuwa 32, kamar mako uku kafin gasa, daga nan ka sassauta. Na huɗu, barci da hutu suna cikin atisaye, domin a lokacinsu ne tsoka ke gyara kanta.

Batun takalmi, ba sai ka ci bashi ba. Kambas na gudu mai laushin ƙasa, ko da na gwanjo ne daga Ƙofar Wambai, ya wadatar, muddin ƙasansa bai cinye ba kuma akwai sararin faɗin babban yatsa a gaban yatsunka. Yawancin takalman gudu sukan gaji bayan kilomita 500 zuwa 800.

Kuma idan kana da sikila, asma, hawan jini, ciwon suga, ko akwai tarihin ciwon zuciya a gidanku, ka fara ganin likita kafin ka ɗaura takalmi.

Haɗa jerin waƙoƙinka da lissafi

Fara da sanin takunka. Kana cikin sassarfa, ƙirga sau nawa ƙafarka ta dama ta taɓa ƙasa a daƙiƙa 30, ka ninka sau huɗu. Sababbin shiga kan samu tsakanin 150 zuwa 170 a minti. Sannan ka auna waƙa: bi bugunta da yatsa na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Waƙar da ke da bugu 75 zuwa 85 a minti za ta ba ka taku biyu a kowane bugu, cif-cif. Ka ga ashe waƙoƙin soyayya masu sanyi da kake ganin ba su dace da gudu ba, wata ƙila su ne daidai da kai. Gwada na Umar M. Shareef, na Nura M. Inuwa ko na Hamisu Breaker da ke wayarka, ka ware waɗanda suka faɗa wannan ma'auni.

Jera su kamar yadda tafiyar take. Minti 10 na farko masu sanyi ƙwarai, domin a nan ne ɗoki ya fi yaudara. Tsakiya masu bugu ɗaya da ba ya hawa da sauka. Masu zafin, irin na Ado Gwanja, DJ AB ko amapiano, ka ajiye biyu ko uku a can ƙarshe, ko ka bar su sai ranar da tsarinka ya ce a yi gajeren gudu mai sauri. Kuma ka kashe maɓallin nan da ke cakuɗa waƙoƙi, kada ya jefo maka kiɗan tsuma a kilomita ta biyu.

A ranar dogon gudu, magana ta fi kiɗa amfani, don ba ta da bugun da zai ja ƙafarka. Shirin fodkas, karatun littafin Hausa da ka sauke daga YouTube, darasin makaranta, karatun Alƙur'ani ko wa'azi ga wanda ba ya sauraron waƙa, duk suna cinye awa biyu ba ka sani ba. Ka sauke su tun da dare, kada data ko sabis su ba ka kunya a hanya.

Sannan aƙalla sau ɗaya a mako ka fita ba komai a kunne. Saurari numfashinka da ƙarar takunka. Idan kana jin ƙafa na faɗuwa tim-tim, ka rage tsawon taku. A irin wannan fitar ce za ka koyi bambanta gajiya da ciwo. Gajiya takan bazu a jiki, ta lafa da hutu. Ciwon da ya tsaya a wuri ɗaya, yana ƙaruwa da kowane taku ko yana sa ka ɗingishi, umarni ne na tsayawa.

Kunne ɗaya na titi ne

Titunanmu ba su da gefen masu gudu. Ga adaidaita sahu, ga ɗan acaɓa da ya biyo hannun da ba nasa ba, ga tifa ta ɗauko yashi tun duku-duku, ga kwata a buɗe, ga karnukan unguwa. Duk waɗannan kunne ne ke fara sanar da kai zuwansu. Don haka a titi ka saka iyafis a kunne ɗaya kawai, ko ka nemi irin wanda ke zama a kan ƙashin gefen fuska ya bar kunne a buɗe. Mai toshe hayaniyar waje gaba ɗaya ka bar shi sai cikin filin wasa. Ka bi gefen hagu, kana fuskantar motocin da ke tahowa, ka sa riga mai haske idan gari bai gama wayewa ba.

Ƙwacen waya ma ba baƙon labari ba ne a garuruwanmu. Mai gudu shi kaɗai da duhun Asuba, waya a hannu tana haske, kunnuwa a toshe, ya sauƙaƙa wa ɓarawo aiki. Ka saka wayar a jakar ƙugu ƙarƙashin riga, ku fita ku biyu ko uku, wani a gida ya san hanyar da ka bi. Idan kana ɗora taswirar gudunka a Strava, ka ɓoye farkonta da ƙarshenta, kada ka nuna wa duniya ƙofar gidanku da lokacin fitarka.

Sai lafiyar kunnen kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na fuskantar barazanar raunin ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. A ma'aunin ƙara na disibel 80, babban mutum zai iya sauraron awa 40 a mako lafiya. A 90, awa 4 kacal. Hayaniyar titi na sa mutum ya yi ta ƙara murya bai ankara ba. Kada ka wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayarka. Idan ka cire iyafis ka ji kunne na ƙugi, ka wuce gona da iri.

Zafi, hunturu da azumi

Tsarin atisayen da za ka gani a intanet galibi an rubuta shi ne don ƙasashe masu sanyi. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. A irin wannan lokaci gudu na bayan Asuba ne, kafin rana ta ɗaga. Duk fitar da za ta wuce awa ɗaya, ka riƙe ruwa kana kurɓa, idan da hali da ɗan ruwan gishiri da sukari, domin gumi na fita da gishirin jiki. Idan ka ji jiri, tashin zuciya, ruɗewa, tsigar jiki na tashi a cikin zafi, ko ciwon ƙirji, tsaya nan take, nemi inuwa, kwara ruwa a jiki, a kai ka asibiti. Babu waƙar da ta isa ta sa ka daure wa waɗannan.

Da hunturu sanyin na taimakawa, amma ranar da ƙura ta rufe gari ka haƙura, musamman idan kana da asma. Da azumi kuma ka rage nisa: ɗan sassarfa dab da buɗa baki, ko gudu bayan ka ci ka huta da dare. Dogon gudu da rana ba ci ba sha kasada ce da rai.

Ke ma, 'yar'uwa

Fagen nan ba na maza kaɗai ba ne. A gasar Olamfik ta Paris a 2024, Sifan Hassan, haifaffiyar Habasha da ke wakiltar Holan, ta lashe gudun fanfalaki na mata, ta kuma karɓi zinarenta sanye da hijabi a bikin rufe gasar. Dogon wando mara nauyi, riga mai faɗi da ba ta riƙe gumi, da ƙaramin hijabi da ba ya zamewa sun ishe ki. Nemi ƙawaye biyu ko uku, ku zaɓi fili mai katanga ko harabar makaranta, da sanin gida. Idan kina yawan jin kasala ko jiri, a duba miki jini, don ƙarancinsa na yawan samun mata kuma yana hana gudu daɗi.

Ranar da za ka tsaya a layi

Gasa ba ta yi mana nisa ba. Tun 2016 ake gudun fanfalakin Legas, yawanci a watan Fabrairu, akwai kuma na kilomita 10 a Okpekpe ta Jihar Edo, wanda ya dace da gwajin farko. 'Yan Kenya da Habasha ne suka saba lashe na Legas, amma a cikin 'yan gida, 'yan Jihar Filato ne suka fi yin fice.

Ka karanta dokar kowace gasa kafin ka tafi. Masu neman kambu da kuɗin kyauta ba a yarda su saka komai a kunne ba. A Amurka ma an taɓa haramta wa kowa a 2007, kafin a sassauta wa 'yan sha'awa a 2008. Wasu gasannin har yanzu ba sa so, don mai gudu ya ji umarnin jami'ai da jiniyar motar asibiti.

Ka san kuma da abin da 'yan gudu ke kira bango. Jiki na iya ajiye makamashin sukari na kimanin kalori 2,000, alhali mai nauyin kilo 65 zai ƙona wajen 2,700 a kilomita 42. Shi ya sa tsakanin kilomita 30 da 35 ƙafafu kan koma kamar an ɗaura musu bulo. Maganinsa a fara a hankali, a riƙa cin ɗan dabino ko ayaba tun kafin ƙarfi ya ƙare. Duk wannan ka gwada shi tun a dogon gudunka na mako-mako, daga abinci da safa har batirin iyafis da zai kai awa biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan ka isa kilomita 35 da sauran ƙarfi, ga jama'a a gefen titi suna tafi, to lokacin kalangu ya yi. Saki waƙar nan da ka ɓoye tun safe.

Amma wannan sai baɗi. Aikin gobe kaɗan ne: sassarfa daƙiƙa 60, tafiya daƙiƙa 90, kunne ɗaya a buɗe, waƙa mai sanyi. Idan ka dawo gida kana jin da sauran ƙarfin da za ka iya ƙarawa, ka yi daidai. Ajiye shi, jibi ma rana ce.